Kwamfutar da ta shekara takwas a sito: na cece ta ne ko na sace ta?

Baban Zainab: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya hana ni barci kwana biyu, don Allah a saurare ni zuwa ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

A ma'aikatar da nake aiki akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, sunansa sito, amma a gaskiya juji ne. Tun 2016 da aka sauya mana kwamfutoci aka jibge tsofaffin a ciki, kan tafiretoci da fankoki da kujerun da ƙafarsu ta karye. Rufin yana yoyo. Duk damina sai ruwa ya kwanta a ɗakin, har ɓera ya haihu a cikin wata firinta, ni na ga 'ya'yan da idona. Shekara takwas ba wanda ya leƙa.

To Zainab za ta rubuta JAMB bana, kuma kun san tun 2015 da kwamfuta ake rubutawa. Yarinyar nan ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na awa guda ba. Sai na sami ogana na ce masa zan ɗauki guda ɗaya na gyara mata. Ya yi dariya ya ce, "Ni dai ban gani ba, ban ji ba." Ranar Juma'a bayan masallaci na saka wata HP a but ɗin mota. Na kashe dubu 18 a gyara, ta tashi tsaf, yarinya tana ta koyo.

Shekaranjiya Hajiya mahaifiyata ta zo gidan. Ba ta iya boko ba, amma ta ga lambar da aka rubuta da farin fenti a gefen kwamfutar. Ta ce, "Wannan rubutun na waye?" Na faɗa mata. Ta yi shiru, can ta ce, "Ubanka tun zamanin En'e yake aiki har ya yi ritaya, ko biro bai taɓa shigo mana da shi gida ba." Ba ta ƙara ko kalma ba. Tun daga nan na rasa sukuni. Shin sata na yi?

Ɗan Talaka: Wa alaikumus salam. Wace irin sata kuma? Kai ma da neman wa kanka magana. Abin da aka bar wa ɓera da ruwan sama ka tsamo ka raya shi, yarinya tana karatu da shi, ai lada ma ka samu. Kwanta ka yi barcinka.

Maman Sadiq: Hmm. Ni dai bari na ji ta bakin manya tukuna.

Baba Mai Ritaya: Ɗana Baban Zainab, shekara 31 na yi ina riƙe da mukullin sito, saboda haka bari na gaya maka abin da ogan naka bai gaya maka ba.

Wannan lambar da Hajiya ta gani ba ado ba ce. Tana cikin wani littafi, kuma littafin yana wuyan wani mutum. Duk abin da gwamnati ta saya, daga janareta har kwandon shara, ma'ajin sito yana shigar da shi, ya ba shi lamba, ya rubuta ofishin da aka kai shi. In ya tsufa ko ya lalace, ba shi ke nan ya fita daga littafin ba. Ma'aji zai jera kayan a takarda ya kai sama, a kafa kwamitin duba kaya, su zo su gani da idonsu, su ce wannan a gyara, wannan a yi gwanjonsa, wannan a mayar wata ma'aikata, wannan a lalata. In gwanjo ne a yi masa ƙima, wanda ya saya ya biya a asusun gwamnati, a ba shi rasit. Sai da wannan rasit ɗin ake jan jan biro a kan layin. Kafin nan, ko ƙasa ta cinye rabin kwamfutar, a takarda tana nan da ranta.

Ni abin ya faru a kaina. Da zan ajiye aiki aka zo ƙidayar miƙa mukulli, aka rasa fankar tsaye biyu da tafireta ɗaya. Na san waɗanda suka ɗauka, shekaru da yawa kafin nan, kowannensu da "ai ta mutu, Baba". Ɗaya ya rasu, ɗaya an yi masa canjin wurin aiki. Wata biyar takardar sallamata tana kwance ba a sa hannu ba, ba giratuti ba fansho. Sai da na sayar da ragon da nake kiwo na shiga kasuwa neman tsohuwar tafireta, a lokacin da ba mai amfani da ita. Na samo, na goge ta, na rubuta mata lambar waccan da fenti, na ajiye a sito don ɓeraye su ci gaba da zama a ciki. Sannan aka sa mini hannu.

Ka tambayi kanka wa ke riƙe da littafin sitonku, kuma saura masa shekara nawa.

Baban Zainab: Innalillahi. Baba, wallahi ban kawo wannan a raina ba. Wani dattijo ne, ina jin saura masa shekara biyu.

Ɗan Talaka: Baba, da girmanka, amma wannan labarin naka ai hujjata ce. Ka ga an sa ka sayar da rago ka sayi tafireta don a jefa a juji. Wannan hankali ne? Kuma gwanjon da kake faɗa, wa ya taɓa jin sanarwarsa? Ni a gabana aka yi gwanjon motoci a inda na taɓa aiki. Ranar da muka ji labari, ranar aka zo jan motocin. Wata ma da kanta ta fita, ba a ja ta ba. Kuɗin da aka rubuta mata bai kai na sabon babur ba, kuma duk wanda ya saya ƙanin wani ne ko direban wani. Su da rasit, halal ke nan. Mai neman kwamfutar da 'yarsa za ta koyi danna A, B, C, D shi ne ɓarawo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baba Mai Ritaya: Ban ƙaryata ka ba. Na ga wanda ya fi wannan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ranar ƙidaya ba mai motar za a tambaya ba, dattijon nan za a tambaya.

Maman Sadiq: To bari na sa baki. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma matsalata da maganar Ɗan Talaka ɗaya ce: wa ke cewa abu ya tsufa? Mai son ɗauka shi ke yanke hukuncin. A wurinmu akwai wani ƙaramin firiji da muke ajiye magani. Wata rana aka zo aka manna masa takarda wai ya yi kondem, aka fitar da shi baranda, aka ce za a kawo sabo. Sati bai cika ba ya ɓace. Bayan wata biyu na je barka gidan wata abokiyar aiki, aka ba ni zoɓo mai sanyi har yana ƙanƙara. Na ɗaga ido, ga firijinmu nan, har da tabon filastar da ni na manna a ƙofarsa. Na sha zoɓon dai, ƙishi nake ji. Sabon kuwa sai da ya shekara bai zo ba, muna kai magani ɗakin haihuwa muna roƙon wuri.

Ban ce Baban Zainab haka ya yi ba, tasa da gaske shekara takwas tana kwance. Amma in aka buɗe ƙofar "ai ba a amfani da shi", gobe mutane da hannunsu za su riƙa tsofar da kaya.

Ummu Hanan: Na sha zoɓon dai 😂😂 Maman Sadiq Allah ya shirye ki.

Malam Na-Tudu: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Baban Zainab, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, kuma rashin barcin nan naka alamar rai ce a zuciya.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne kayan gwamnati ba marasa mai ba ne. Masu su ne suka yi yawa. Malamai suna kiran ɗaukar irin wannan dukiya a ɓoye da gululu, kuma yana cikin Alƙur'ani, Ali Imrana aya ta 161: wanda ya yi gululu zai zo da abin da ya ɗauka ranar Alƙiyama. Muslim ya ruwaito daga Adiyyu ɗan Amira cewa Annabi (SAW) ya ce duk wanda muka sa shi wani aiki ya ɓoye mana allura ko abin da ya fi ta, wannan gululu ne. Allura fa. Sannan a dawowa daga Haibara, wani bawa mai yi wa Annabi hidima kibiya ta same shi ya mutu, mutane suka ce barkansa da Aljanna, Annabi ya ce a'a, mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Jin haka wani mutum ya taso ya kawo igiyar takalmi ɗaya ko biyu da ya ɗauka.

Ba na cewa kai ɗan wuta ne, wa'iyazu billahi. Ina cewa ƙanƙantar abu ko tsufansa ba su ne ma'auni ba.

Ɗalibi Abu Maryam: Allah ya gafarta Malam, ina da ishkali, a yi mini afuwa. Ba Annabi ne ya hana tozarta dukiya ba? Hadisin Mugira yana nan, Allah ya ƙi muku abu uku, ciki har da wulaƙanta dukiya. Kuma da ya wuce wata mushen tunkiya da aka ba baiwar Nana Maimuna sadaka, cewa ya yi me ya sa ba ku ɗauki fatarta kun jeme kun amfana ba? To wannan kwamfutar ai mushe ce. Baban Zainab fatar ya jeme.

Malam Na-Tudu: Madalla da tambaya, amma duba wa Annabi ya yi wa maganar. Masu tunkiyar ya yi wa. Bai ce duk mai wucewa ya zaro wuƙa ya feɗe ya tafi da fatar gida ba. Hadisin hujja ne a kan ma'aikatar da ta bar kaya suna ruɓewa, kuma lallai suna da laifi, zunubin tozartawar yana kan wanda aka ba amanar ya yi sakaci. Amma laifinsu ba ya mayar da kayan naka. In maƙwabcinka ya bar buhun gero ruwa yana dukansa, ka yi masa magana, ka matsar da shi inuwa in ka ga dama. Ba ka kai gidanka ka yi fura ba.

Da ogan yana da ikon bayarwa kuma ya bayar a sarari, da maganar ta sauya.

Ɗan Talaka: To ai ya bayar, Malam. Ya tambaya an ba shi.

Barista: Bai bayar ba. Sake karanta abin da ya ce: "ban gani ba, ban ji ba." Wannan ba izini ba ne, wanke hannu ne tun kafin a ci tuwon. Ranar da odita ya zo, ogan nan zai rantse da Alƙur'ani bai gani ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Ko da ma ya ce "na ba ka", shugaban sashe ba shi da hurumin kyautar da kayan gwamnati. A matakin tarayya dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, sashe na 55 da na 56, ita ta tsara yadda ake rabuwa da kadara: a yi mata ƙima tukuna, sannan a sayar ta hanyar gasa a fili, ko gwanjo, ko haya, ko a mayar da ita wata ma'aikatar gwamnati. Jihohi suna da nasu dokokin masu kama da wannan. Ba inda aka ce a saka a but ranar Juma'a. A dokar Penal Code ta Arewa kuma, ma'aikacin gwamnati da aka ba amanar kaya ya karkatar da su, cin amana ne ƙarƙashin sashe na 315, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara 14.

Ba wai ina tsorata ka ba ne. Da wuya a kai mutum kotu kan kwamfutar da ba za ta yi dubu 30 a kasuwa ba. Amma a aikin gwamnati irin wannan abu ajiye shi ake yi. Ranar da ka taka wani, ko sunanka ya fito a jerin ƙarin girma, sai allura ta tono garma.

Ɗan Talaka, inda nake tare da kai shi ne akwai lokacin da gwamnati ta sayar wa ma'aikata kaya a fili. A 2003, zamanin Obasanjo, da aka mayar da alawus na mota da gida zuwa kuɗi, an sayar da motocin ofis da yawa, daga baya aka sayar da gidajen gwamnati na Abuja ga mazauna cikinsu. Wanda ya samu ya samu da takarda. Ba haramun ba ne ma'aikaci ya mallaki tsohon kayan ofis, hanyar ce abin dubawa.

Tela Mai Zare: Ni ba gwamnati nake wa aiki ba, amma ku ji nawa. Shekara tara na yi a shagon ubangidana. Akwai wani tsohon keken Butterfly a ƙarƙashin tebur, kansa ya ƙafe, ba mai taɓawa. Ranar da zai yaye ni ya ce ɗauki wancan ka gyara ka fara da shi. Mu biyu ne a shagon. Na gyara, da shi na yi aure. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon gado, babban ɗansa ya ce akwai keke ɗaya da ba a gani ba. Na ce Baba ne ya ba ni. Ya ce wa ya shaida? Na ɗauko keken a kan babur na kai musu, ina hawaye, ba don kuɗinsa ba. Uwargidan ce ta fito ta ce a mayar mini, ita marigayin ya faɗa mata da bakinsa. Da ta riga shi tafiya, da har yau ɓarawon keke ake kirana a layin nan.

Mai abu ma da kansa ya ba ka, nemi shaida.

Ummu Hanan: Allah ya ji ƙansa. Wannan ya taɓa ni.

Ɗan Beirut: Duk kun yi ta magana kan halal da haram, ba wanda ya tambayi abin da ke cikinta. Yaya Baban Zainab, mai gyaran ya sauya hadis ɗin ko da tsohon ya tayar da ita?

Malam Na-Tudu: Wane hadisi kuma?

Ɗan Beirut: Afuwan Malam 😂 faifan ajiyar bayanai nake nufi, na cikin kwamfuta. Mu a kasuwa haka muke kiransa.

Baban Zainab: Batirin agogonta ya sauya da akwatin wuta, ya ƙara mata RAM, abin da ke sa ta yi sauri. Sauran bai taɓa ba.

Ɗan Beirut: To shiga ka duba manyan fayilolin da ke ciki. Kullum ana kawo mana irinsu a titin Beirut, kasuwar kwamfuta ta Kano, daga ofisoshi da bankuna da makarantu, kuma abin da muke gani a ciki ba ya faɗuwa. Mutane suna ɗauka in an danna gogewa shi ke nan, alhali da ƙaramar manhaja ake dawo da shi. Wannan ma ba a goge komai ba. Kuma in Windows 7 ce a kai, tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da ita, kar ka bari Zainab ta haɗa ta da intanet.

Baban Zainab: Na duba yanzu. La haula. Jerin albashin ma'aikata ne na 2014 da 2015, sunaye da lambobin asusun banki. Har da wasiƙun horo da aka rubuta wa wasu, mutanen da muke gaisawa kullum. Kuma kwana uku ta yi a shagon mai gyara.

Barista: Wannan ya fi kwamfutar nauyi. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023. Kar ka goge komai da kanka, kar ka kwafa, kar ka nuna wa kowa. Kashe ta.

Ɗan Talaka: To wannan kam ban da ta cewa. Amma har yanzu ina kan bakana, wanda ya bar albashin mutane a ɗakin da ba ƙofar kirki shekara takwas ya fi shi laifi.

Baba Mai Ritaya: Ba wanda ya yi maka musu a nan. Ɗana, ga shawarata. Ka mayar da ita ranar Litinin da safe, a fili ba a ɓoye ba, ka sami dattijon sito ka gaya masa gaskiya. Sannan ka rubuta takarda ta hannun oganka zuwa ga shugaban gudanarwa, ka ce akwai kaya kaza a ɗaki kaza suna lalacewa, kana roƙon a kafa kwamiti, a yi gwanjo a ba ƙananan ma'aikata dama, ko a miƙa su ga wata makarantar gwamnati. Ka riƙe kwafi mai hatimi. Ko ba a amsa ba, ka fita.

Maman Sadiq: Zainab fa? Saura wata nawa jarrabawar?

Ɗan Beirut: Yaya, ina da wata tsohuwar Dell a shago, allonta ya ɗan tsage a gefe amma tana aiki. Tawa ce, da kuɗina na saya, ga rasit 😄 Ka zo ka ɗauka aro har ta gama. Ka cire RAM ɗin da ka saya ka taho da shi, in ya shiga mu ƙara mata.

Baban Zainab: Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na gode ƙwarai. Zan sanar da ku yadda muka yi.

Baban Zainab: Jama'a barkanmu da Litinin. Na je. Na ajiye mota a bakin baranda, na sami dattijon na gaya masa komai. Ya saurare ni, ya jawo wani littafi mai baƙin bango, ya lashi yatsa ya yi ta buɗawa har ya kai lambar. Ya juyo mini da littafin. An ja jan biro a kan layin, a gefe an rubuta an yi gwanjonta a 2019, ita da sauran goma sha ɗaya da ke ɗakin, ga lambar rasit, ga sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Ya ce shi ma a haka ya gaji littafin, kuma ba wanda ya taɓa zuwa kwasa.

Na ce to ga ta na dawo da ita. Ya ce ba zai karɓa ba, ba ya shigar da abin da a takarda ba na gwamnati ba ne, in odita ya ga ƙari shi zai yi bayani. Na koma wurin oga, ya ce shi tun farko ya faɗa mini bai gani ba.

Yanzu haka tana but ɗin motata, da albashin mutane a cikinta.

Ɗan Talaka: 😂😂😂 Malam, Barista, Baba, bismillah. Ta waye?

Barista: Kar ka kai ta gida. Ɗauki hoton shafin nan in zai bari.

Malam Na-Tudu: Ba taka ba ce dai. Sauran sai na yi bincike.

Baba Mai Ritaya: Ɗana, turo mini lambar rasit ɗin ta akwatin sirri. Ina da wanda zan tambaya a baitulmali ko kuɗin ya taɓa shiga.